Malamin Hisabi da Sauron Garki: Labarin Klaus Dietz

 Yau mun kawo muku labarin wani masani Bajamushe mai suna Klaus Dietz, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa wajen yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, alhali kuwa makamansa alƙalami ne da takarda da ilmin hisabi. Labarinsa ya shafe mu, domin aikin da ya fito da sunansa a duniya an gina shi ne a kan jinin mutanen ƙasar Garki da sauron ƙauyukansu. Garkin da mu ke nufi ita ce ta arewa maso gabas da birnin Kano, tafiyar wajen mil 60, wadda a lokacin ta ke cikin Jihar Kano, yanzu kuwa tana cikin Jihar Jigawa. Kada a ɗauke ta Garkin Abuja.

Mas'ala biyu ne mutumin nan ya fi shagala da su. Ta farko, wane gwargwadon ƙoƙari ne zai isa a yanke cuta daga gari? Ta biyu, in an daina ganin cuta, yaushe za a tabbata ta tafi? Duk wanda ya taɓa jinyar ɗansa da damina, ko ya ga yaron da shan inna ta naƙasa, ya san amsar waɗannan ba wasa ba ce.

Fasali na farko: ma'anar wannan ilmi da salsalarsa

Ku sani, likita mutum ɗaya ya ke dubawa: ya ji ciwonsa, ya ba shi magani, ya sallame shi. Amma akwai tambayoyin da ba su amsuwa a kan gadon majinyaci guda, kamar a ce mutum nawa ne cikin gari ke ɗauke da cutar nan ba su sani ba, ko kuwa maganin da aka raba bara shi ya rage mace-mace ko daminar ce ta zo da sauƙi. Irin waɗannan sai mai ƙididdigar lafiya. Aikinsa ya yi kama da na mai sayen hatsi, wanda ba ya zazzage buhu ya duba ƙwaya ɗaya ɗaya, sai ya cusa hannu ya ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasa, ya yi wa buhun hukunci da abin da ya gani a tafinsa. Abin da mai ƙididdiga ya ƙara a kan haka shi ne yana iya lissafa iyakar kuskuren da tafin nan zai jawo masa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, a sha'anin annoba kimar ido ba ta wadatarwa, sai an kawo mudun.

Wannan ilmi yana da salsala kamar kowane ilmi. A shekarar 1760 wani mai hisabi ɗan ƙasar Siwizalan, Daniel Bernoulli, ya gabatar wa majalisar masana ta birnin Faris lissafin cewa in aka kare mutane daga agana, matsakaicin tsawon ransu zai ƙaru da wajen shekara 3. Daga baya wani likita Ba'ingile, Ronald Ross, ya tabbatar a 1897 cewa ƙwayar zazzaɓi tana girma a cikin sauro, sa'an nan ya nuna da hisabi cewa ba sai an kashe sauro duka ba, akwai wani haddi wanda in yawan sauro ya faɗi ƙasa da shi cutar za ta mutu don kanta. Bayansa George Macdonald ya faɗaɗa wannan a littafinsa na 1957.

Ginshiƙin lissafinsu adadi ɗaya ne, wanda masana ke rubutawa da alamar R0, mu kuwa za mu kira shi adadin yaɗuwa. Ma'anarsa ita ce, in mai cuta ɗaya ya shiga garin da ba wanda ya taɓa yin cutar, mutum nawa zai sa wa kafin ya warke? In adadin ya haura 1, cuta tana cin riba, ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu. In ya gaza 1, tana cin uwar kuɗinta, kamar ɗan kasuwar da kullum ya ke komawa gida da ƙasa da abin da ya fita da shi, wanda ƙarshensa karyewa ce.

Fasali na biyu: wane ne Dietz

An haifi Klaus Dietz a ƙasar Jamus a 1940, ya kuwa yi karatun hisabi. A 1967 ya buga wata maƙala a mujallar ƙungiyar masu ƙididdiga ta Ingila, inda ya tattara abin da aka sani game da yaɗuwar annoba da yaɗuwar jita-jita, domin lissafinsu 'yan'uwan juna ne. Mutanen kasuwa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a nan: labari yakan fita daga rumfa ɗaya, wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, har ya kai kowa ka tare ya riga ya ji, sa'an nan ya lafa.

A 1969 ya shiga aikin Hukumar Lafiya ta Duniya a birnin Janiba, ya yi shekara bakwai a can. A 1976 ya koma ƙasarsu, ya zama shaihun malami kuma shugaban sashen ƙididdigar likitanci a Jami'ar Tubingan. A shekarunsa na Janiba ne aikin Garki ya same shi.

Fasali na uku: abin da aka yi a Garki

A 1955 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura niyyar kawar da zazzaɓin cizon sauro daga duniya ta hanyar fesa magani a bangon ɗakuna. An ci nasara a ƙasashe da dama, amma ƙasashenmu suka gagara. An gwada a yammacin Lardin Sakkwato tun daga 1954, ba a jima ba sauro ya saba da ɗaya daga cikin magungunan feshin. An sake gwadawa a Kankiya ta ƙasar Katsina a shekarun 1960, aka haɗa feshi da rabon magani, lissafin Macdonald ya nuna za a yanke cutar, ba ta kuwa yanku ba. Saboda haka Hukumar da Gwamnatin Nijeriya suka shirya a zauna wuri ɗaya, a auna kome da kome, a gano dalili. Aka zaɓi ƙasar Garki, aka fara shiri a 1969. Babban mai nazarin annoba na aikin shi ne Louis Molineaux, lissafin kuwa aka danƙa wa Dietz da abokin aikinsa Anthony Thomas.

Daga Oktoba 1970 zuwa Maris 1972 ba a soma feshi ko rabon magani ga jama'a ba tukuna, awo aka yi ta yi. An zaɓi ƙauyuka 22, aka rubuta sunayen mutanensu gida gida, da haihuwa da mutuwa da tafiya da dawowa. Kowane mako 10 ma'aikata su zo su tsiri yatsan kowa, su ɗiga jini a ɗan gilashi, a duba da madubin likita. Da dare kuma waɗansu su zauna cikin ɗaki da waje, su kama sauron da ya sauka a jikinsu, a ƙidaya shi, a feɗe shi a ga ko akwai ƙwayar cuta a yawunsa. Aka tarar a ƙauyen da abin ya fi tsanani mutum yakan sha cizo mai ɗauke da cuta wajen sau 145 a shekara, a inda ya fi sauƙi kuwa wajen sau 18. Da damina fiye da rabin jama'a suna da ƙwayar a jininsu, ƙananan yara kuwa galibinsu.

Sa'an nan aka shiga yaƙin, daminar 1972 da ta 1973. Aka fesa wani magani mai ƙarfi da a ke kira propoxur a ƙauyuka 164. A waɗansu daga cikinsu aka ƙara da raba wa kowa da kowa ƙwayoyin magani kowane mako 10, a waɗansu kaɗan kuma kowane mako 2 muddin damina. Aka bar waɗansu ƙauyuka ba feshi don a sami abin kwatantawa, gama wanda bai san farashin jiya ba ba zai san ko kaya sun tashi yau ba.

Fasali na huɗu: abin da lissafi ya nuna

Sakamakon bai zo yadda a ke so ba. Feshi ya rage ƙarfin sauro na yaɗa cuta da wajen kashi 90 cikin 100, amma yawan masu ƙwayar a jini bai ragu ba sai da wajen kashi 25. Inda aka haɗa feshi da magani a kai a kai, masu ƙwayar sun sauko har suka zama 'yan kaɗan cikin ɗari, mutuwar jarirai ma ta ragu ƙwarai. Duk da haka cutar ba ta yanke ba. Da aka tsai da aikin a ƙarshen 1973, aka ci gaba da awo har zuwa 1976, sai aka ga ta koma yadda ta ke da.

Mai karatu zai ce, ƙaƙa za a rage sauro kashi 90 amma cuta ta ragu kashi 25 kaɗai? Ga misali. Ɗauki ƙauyen nan mai cizo 145, ka cire kashi tara cikin goma, saura wajen 14. To, wannan bai yi nisa da 18 na ƙauyen da ya fi sauƙi ba, can ma kuwa zazzaɓi na zaune daram. Cizo ɗaya ya isa ya sa wa mutum ƙwayar, ita kuma tana iya yin watanni a jini. Wanda aka sheƙa wa tulu goma da wanda aka sheƙa wa tulu ɗaya, duk jiƙaƙƙu ne. Ban da wannan, an gano waɗansu sauron sukan ciji mutum su fita waje su huta, ba su sauka a bangon da aka fesa ba, su ne kuwa suka riƙe irin cutar.

Aikin Dietz da abokansa shi ne su sa wannan duka cikin tsarin hisabi ɗaya. Suka lura lissafin Macdonald bai ba garkuwar jiki haƙƙinta ba. A ƙasar da sauro ke cizon mutum tun yana goye, jiki yakan saba da cutar a hankali, ta fuska uku: mutum ya daina ba sauro ƙwayar da zai kai wa wani, ƙwayar ta yi ƙaranci a jininsa har madubi ya riƙa kuskure ta, kuma ya riƙa warkewa da sauri. Saboda haka suka kasa jama'a aji 7 gwargwadon halin kowa da cutar, suka rubuta ƙa'idar yadda mutum ke fita daga wannan aji ya shiga wancan, suka ba kwamfuta ta lissafa. Suka daidaita lissafin da awon ƙauyuka biyu, Sugungum mai yawan sauro da Rafin Marke mai ƙarancinsa, suka buga shi a mujallar Hukumar a 1974. Don kada a ce rigar Garki ce kaɗai aka ɗinka, suka gwada shi da awon Kisumu ta ƙasar Kenya, suka buga sakamakon a 1978. Cikakken labarin aikin ya fito a littafi a 1980, na Molineaux da Gramiccia.

Hukuncin da aka yanke shi ne, da kayan yaƙin wancan zamani ba za a iya yanke zazzaɓi a irin wannan ƙasa ba, domin haddin da Ross ya ambata yana can ƙasa ƙwarai da inda feshi ke iya kaiwa. Magana ce mai ɗaci, amma ta hana a ci gaba da zuba dukiya a rijiyar da ba ta cika, ta kuma ƙarfafa ra'ayin a mai da hankali ga tsare rayuka, tun ba na yara ba. Irin wannan manufa ce ke bayan gidan sauro mai magani, da maganin da a ke ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 wata wata da damina, wanda Hukumar ta yi umurni da shi ga ƙasashen Sahel a 2012.

Fasali na biyar: mutum nawa za a yi wa rigakafi

Mas'alar gwargwadon ƙoƙari ba ta tsaya ga zazzaɓi ba, ta shafi cututtukan da a ke yi wa allura. A ce adadin yaɗuwar wata cuta 4 ne. In aka kare mutum 3 cikin kowane 4, mai cuta zai tarar da ƙofa uku a rufe, ɗaya a buɗe, watau adadin ya sauko zuwa 1. In aka ƙara kaɗan a kan haka, sai cutar ta shiga cin uwar kuɗi. Da haka waɗanda aka yi wa rigakafi ke zama katanga ga jaririn da bai isa allura ba.

Wuyar ita ce sanin adadin, tun da ba mai iya bin majinyaci yana ƙidaya waɗanda ya sa wa. A 1975 Dietz ya nuna hanya mai sauƙi ga cutar da ta zauna a ƙasa, wadda kuma ba a yin ta sau biyu. Ka ɗauki matsakaicin tsawon ran mutanen ƙasar, ka raba da matsakaicin shekarun da a ke kamuwa da cutar, abin da ya fito shi ne kusan adadin. Misali, in mutane na kai shekara 60, yara kuwa na kamuwa suna 'yan shekara 4, adadin ya kama wajen 15. Hikimar ita ce, cutar da ta fi saurin yaɗuwa ita ke riskar yaro da wuri. Adadin ƙyanda yana tsakanin 12 da 18, shi ya sa a ke neman a yi wa yara 95 cikin 100 allurarta. Garin da ya yi wa rabin yaransa ya rage wahala, amma bai rufe ƙofa ba.

A 2003 Dietz da abokin aikinsa Martin Eichner suka koma kan wani tsohon rahoto na Nijeriya. A 1967 agana ta kama mutum 32 a Abakaliki, kusan dukansu 'yan wata ƙungiya ce da ba ta yarda da lamba ba, aka kuwa rubuta ranar kamuwar kowa da gidansa. Daga wannan suka lissafa adadin yaɗuwar agana wajen 7, kuma wajen kashi 80 cikin 100 na kamuwa cikin gida ɗaya ya ke aukuwa, mai cuta kuma ba ya cika sa wa wani kafin ƙuraje su fito. Wannan ya bayyana abin da ya sa dabarar ware majinyaci da yi wa na kewaye da shi lamba ta yi aiki, har aka shelanta ƙarewar agana a duniya a 1980.

Fasali na shida: shiru ba shaida ba ce

Agana ba ta ɓuya, duk wanda ta kama sai an gani a fuskarsa. Shan inna kuwa ɓarauniya ce. Cikin yara wajen 200 da ƙwayarta ta shiga, ɗaya ne ta ke shanye wa ƙafa, sauran suna yawo lafiya lau suna yaɗa ta. Ashe gari na iya yin shekara ba a ga gurgu sabo ba, alhali tana nan. To, shiru na tsawon wane lokaci ne zai zama hujja?

A 1996 Eichner da Dietz suka sa kwamfuta ta kwaikwayi yaɗuwar cutar cikin jama'a 200,000, suka maimaita sau da yawa. Suka tarar sai an haura shekara 3 ba a ga ko ɗaya ba kafin a sami tabbacin kashi 95 cikin 100 cewa ta yanke, ko bayan shekara 5 ma akwai ɗan ragowar shakka. Wannan ya ƙarfafa ƙa'idar shekara 3 da a ke bi kafin a ba wata nahiya shaidar kuɓuta. Amma lissafin yana da sharaɗi, shi ne a ce duk yaron da ƙafarsa ta shanye labarinsa ya kai ga ma'aikata.

Ƙasarmu ta ga gaskiyar wannan da idonta. A Yuli 2014 aka ga yaron da a ke zaton shi ne na ƙarshe, a Sumaila ta Jihar Kano. A Satumba 2015 aka cire Nijeriya daga jerin ƙasashen da cutar ke zaune. Sai ga shi a Agusta 2016 an sami yara biyu a Jihar Barno, a Gwoza da Jere. Da aka bincika asalin ƙwayar, aka tarar jikanyar wadda aka gani a Barno a 2011 ce, watau ta yi shekara 5 tana yawo a wuraren da tashin hankali ya hana ma'aikata shiga. Shekara 3 ba su cika ba, sharaɗin ido ma bai cika ba. Aka sake ɗaura ɗamara, aka sake ƙirga daga farko, har ranar 25 ga Agusta 2020 aka ba nahiyar Afirka shaidar kuɓuta daga ƙwayar shan inna ta asali. Ɗigon bai tsaya ba bayan wannan, domin ƙwayar ta asali ba ta ƙare a Afganistan da Pakistan ba, kuma akwai wani nau'i da ke ɓullowa a inda yaran da aka yi wa rigakafi suka yi ƙaranci.

Kammalawa

Abin da za mu ɗauka daga aikin mutumin nan a fili ya ke. Cuta ba ta yankewa da rabin ƙoƙari, akwai haddin da sai an kai shi. Ɓacewarta daga ido kuma ba ta isa hujja ba sai an cika wa'adi, ana kuwa dubawa. Lissafin mai ƙididdiga kuma ba ya fin abin da aka ba shi kyau, kamar yadda mai rabon gado ba zai fitar da rabo daidai ba in an ɓoye masa wani magaji. Duk abin da Dietz ya rubuta game da zazzaɓi yana tsaye ne a kan haƙurin manoman Garki da matansu da 'ya'yansu, waɗanda suka yi shekaru suna miƙa yatsa kowane mako 10, da ma'aikatan da suka kwana suna ciyar da sauro da jininsu.

Saboda haka, ya ku malamai, ku ne a ke jin maganarku a unguwa, makarantunku kuma cike su ke da yara. In masu rigakafi sun zo, a fito da kowa, a faɗi adadi na gaskiya. In ƙafar yaro ta saki farat ɗaya, a kai labari asibiti a ranar, kada a tsaya sai an gwada na gida. Ku kuma fatake, ku ne ke haɗa Kano da Maraɗi, da Maiduguri da Damagaram, hanyar da kaya ke bi kuwa ita cuta ke bi. Ku tabbata iyalanku sun karɓi allurarsu cikakkiya, kada a tsaya a ta farko don an ga gari lafiya. Rigakafi ya fi magani, amma sai an cika mudunsa.